Ku daina shafa wa lambar mota taɓo

Tun jiya da asuba raina a ɓace yake, na yi ta danne maganar nan amma ta ƙi dannuwa. Kun dai ji muryar nan da ke yawo a zaurukan WhatsApp na direbobi da 'yan kasuwa, wadda ake cewa kyamarorin da aka kafa a titunan Legas an kafa su ne don bin sawun 'yan Arewa, kowa ya rufe lambar motarsa. Ni na ɗauka surutun waya ne kawai, sai da na gani da idona.

Na yi lodin albasa buhu 12 daga kasuwar Mile 12 zan kai wa wani mai saye wajen Idumota. Yaron da na ɗauka shata ba zai wuce shekara 25 ba. Kafin mu tashi sai ya tsuguna bakin kwata, ya dumbuzo taɓo da hannu, ya shafe lambobi biyu na ƙarshe, gaba da baya, ya goge hannunsa a jikin taya. Na ce, "Kai ɗan nan, me ke nan?" Ya ce, "Alhaji, ai akwai ido a Alapere," wato kyamarar da ke kan hanyarmu. Muna hawa babban titi ya take totur. Akori-kura ce da kaya har sama, amma ina kallo allura ta haura 110. Wata mata da tire a ka ta shigo za ta tsallaka, ya murɗa sitiyari, buhunan suka yi gefe guda, ƙaurin taya ya cika mana hanci. Tsakaninmu da ita bai kai taku biyu ba. Na ce ya tsaya ko ya sauke mini kayana nan take. Na sayi fiya wata leda biyu, na tsaya a kansa har ya wanke lambar nan tas, sannan muka ci gaba.

Yaron nan ba don tsoron leƙen asiri ya shafa taɓon ba. Ya shafa ne don ya samu damar gudu. Duk wanda ya ce mini ba haka ba, ya zo ya gaya mini me ya sa bai rufe lambar ba lokacin da yake tsaye cikin cunkoson kasuwa, sai da zai hau titin da ya san a buɗe yake.

Gudu ne ke kashe mu, jama'a. Ba kyamara ba, gudu.

Abin da gwamnatin Legas ta sanar a farkon 2025 a fili yake. A Alapere kada ka wuce kilomita 80 a awa, a titin Mobolaji Bank Anthony kada ka wuce 60. Ka wuce, tarar naira 50,000, ka tsallake jar danja, 20,000, kuma saƙo ne zai shigo maka a waya. To ina zaluncin yake a cikin 80? Tafiyar kilomita 10 da gudun 80 minti bakwai da rabi ce. Da gudun 120 minti biyar. Minti biyu da rabi ke nan ka ci riba. Shayin da muke tsayawa sha a tasha ya fi haka cin lokaci sau goma. Kuma mai gudun 120, kafin ya ɗaga ƙafa daga totur ya ɗora kan burki, a daƙiƙa ɗaya motar ta riga ta cinye mita 33. In ka ninka gudu, nisan da mota za ta ja kafin ta tsaya ba biyu yake ninkawa ba, huɗu ne. Ƙara da nauyin albasa, ƙara da tayar da ta suɗe. Wannan lissafi bai san Bahaushe ba bai san Bayarabe ba.

Za ku ce mini ba a yarda da gwamnati. Na ji, kuma ban ce tsoron ba shi da tushe ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ina garin nan a 2019 lokacin da aka tare tirela ɗauke da mutum 123 daga Jihar Jigawa da baburansu, aka yi ta yaɗa hotunansu kamar an kama ɓarayi, alhali neman halal ya kawo su. Ina nan a 2022 aka hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi, mun san su wa abin ya fi dakawa. Kuma duk mun san labarin kwangilar kyamarorin Abuja ta 2010, dala miliyan 470, mafi yawanta bashi ne daga China, aka kakkafa ƙarafa a tituna ba su tsinana komai ba. Duk na sani. Amma ku gaya mini, wanne ne a cikin waɗannan ya mayar da gudun 110 da lodin albasa ya zama daidai? Matar nan mai tire ita ta ci kuɗin kwangilar Abuja?

Batun a san inda kake kuwa, don Allah mu yi wa kanmu adalci. Tun Disamban 2020 aka tilasta mana haɗa layin waya da lambar NIN. Banki yana da BVN ɗinka da zanen yatsunka. Wajen karɓar lasin tuƙi an ɗauki hotonka. Wayar da ka saurari muryar nan da ita, tana aljihunka dare da rana, ta fi kowace kyamara sanin inda ka kwana. Ba ka shafa mata taɓo ba. Sai lambar mota, sai abu ɗaya tak da zai hana ka gudu.

Wasu kuma sun ce hanyar tatsar kuɗi ce. Naira 50,000 kuɗi ne masu yawa, ni na sani, wani ribar satinsa ke nan. Amma wannan tara ce da kai ke da ikon hana ta. Tsaya a iyakar gudun da aka sa, ko kwabo ba za su gani ba. Ku kwatanta da abin da direban da ya taso daga Aliero da albasa ke fuskanta kafin ya iso Legas. Shinge nawa? A kowanne sai ya miƙa na goro, da laifi da ba laifi, takardunsa cikakku ko ba cikakku ba. Mai tsaye a shinge shi ke ganin hularka, shi ke jin harshenka, shi ke duba fuskarka ya yanka maka farashi. Kyamara ba ta jin Hausa. In ana maganar wariya, ni na fi samun natsuwa da na'urar da lamba kawai take gani.

Manya masu jiniya fa, su ma za a ci su tara? Ya kamata a ci su, kuma duk ranar da aka tashi yin wannan maganar da ni za a yi. Amma laifin mai jiniya ba ya dawo da wanda kai ka banke.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta ce mutum 5,421 suka mutu a haɗarin mota a 2024, kuma shekara da shekaru gudun wuce kima ne ke kan gaba cikin dalilan da take lissafawa. Ɗaya daga cikin irin waɗannan gawarwakin na taɓa wankewa da hannuna. Ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tsakanin Makwa da Jebba motarsu ta ƙwace, direba na sauri ya riski kasuwar safe. Da na isa asibitin, agogonsa na hannunsa yana tafiya. 'Ya'ya uku ya bari, ƙaramar ko yaye ta ba a yi ba. Mun yi imani da ƙaddara, kwanansa ne ya ƙare, Allah Ya jiƙansa. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ya koya mana ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Da a ce akwai wata na'ura a wannan hanyar da za ta sa direban nan ya ɗaga ƙafa don tsoron tara, wallahi da ni zan biya kuɗin kafa ta in ina da hali.

Shi ya sa nake roƙon shugabannin tasha da 'yan kamasho da iyayen gidan motoci, duk yaron da kuka gani da lamba a shafe kada ku ba shi lodi. Masu tura muryar nan kuma ku ji tsoron Allah, ran mutane kuke wasa da shi.

Tunda ma maganar mota ake, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato ɗora mutane a saman kaya. Tirela ta yi lodin albasa ko shanu, sannan a jera samari talatin a kai don kuɗin mota ya yi tsada. Makon jiya na ga wani yaro an sauko da shi a kasuwa, kwana biyu yana saman buhu daga Sakkwato, rana ta dake shi raɓa ta dake shi. Ƙafafunsa sun kumbura, silifa ta ƙi shiga, sai da aka zaunar da shi a kan kwando aka ba shi koko kafin ya iya faɗin sunan garinsu.