Ƙannena, haƙurin da kuke yi a waya, me ya hana ku yin sa a maƙera?

Ranar Alhamis da ta wuce, ina dawowa daga kasuwar Maigatari, na tsaya a rumfar cajin waya ta bakin tashar ƙauyenmu, na tarar da samari sun yi cincirindo suna leƙen wayar ɗaya daga cikinsu. Mai wayar ɗan gidan maƙera ne, kuma kowa a unguwa ya san tun kafin azumi ya ƙaurace wa maƙerar baffansa, wai zaman zuga ya gundure shi. Abin da yake nuna wa abokansa cikin murna shi ne, bayan makonni yana fama dare da rana, jarumin da yake sarrafawa a wasan Ragnarok ya kai matakin da aka amince masa ya zama maƙeri. Wallahi raina ya ɓaci ƙwarai.

Ga wanda bai san wasan ba, wani kamfani ne na Koriya ta Kudu mai suna Gravity ya fitar da shi a 2002, daga baya aka yi irinsa na waya. Duk wanda ya shiga, a matsayin ɗan koyo yake farawa, ba shi da sana'a, ba shi da makamin kirki, sai ya yi ta kashe ƙananan halittu har ya kai mataki na 10 kafin a ba shi damar zaɓar hanya: mai takobi, ko maharbi, ko mai sihiri, ko mai warkarwa, ko ɗan kasuwa, ko ɓarawo. Daga nan ba zai ƙara gaba ba sai ya kai mataki na 40 a wannan sana'a, sannan mai takobi ya zama barde, ɗan kasuwa kuma ya zama maƙeri. Haka abin yake a Final Fantasy XIV na kamfanin Square Enix da ke Japan, inda mai takobi da garkuwa ba ya samun cikakken matsayinsa sai ya kai mataki na 30. A World of Warcraft kuwa, wanda ya fito a Amurka a 2004, mutum biyar ne ke shiga kogon dodanni tare: ɗaya ya tare duka, ɗaya ya yi ta warkar da 'yan uwa, uku su kai farmaki, kuma duk wanda bai iya aikinsa ba, sauran ba sa jin nauyin korarsa.

To ƙannena, ku dubi wannan tsari da idon basira. Ku da kanku kun yarda cewa ɗan koyo ba ya tsallake mataki, kun yarda a maimaita abu guda sau ɗari ba tare da ƙorafi ba, kun yarda cewa wanda bai ƙware ba ba shi da bakin magana a cikin ayari. Me ya sa duk wannan biyayya take ƙarewa da zarar an kashe waya? An kai yaro wurin tela, an ce ya fara da saka maɓalli da guga da kalmasa, wata biyu bai cika ba ya ce maigida yana bautar da shi. An kai wani garejin babura, an ce ya wanke kayan inji ya miƙa sifana, ya ce shi ba yaron kowa ba ne. Wani an haɗa shi da magini, ya ɗauki kwanon siminti na mako guda ya gudu. Amma wannan yaron zai kwana zaune a kan benci, sauro na cizonsa, yana jiran waya ta ɗauki caji domin ya ƙara wa jarumin ƙarya mataki ɗaya. Da rarrafe yaro kan tashi, kuma kowa ka gani a inuwa ya sha rana. Kun san haka, tunda kuna aiki da shi a wasa, sai dai kun ƙi aiki da shi a inda zai ciyar da ku.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, masu ƙirƙirar waɗannan wasanni sun san halin ɗan Adam sarai. Sun sa matakan farko su zo da sauri, kowane da ƙara da walƙiya, domin zuciya ta saba da daɗin ci gaba, sannan su riƙa nisanta na gaba har mutum ya wayi gari ya zuba watanni. Da suka ga gajen haƙurin mutane ma, sai suka mai da shi haja: tun 2014 kamfanin Blizzard, mai wasan World of Warcraft, yake sayar wa 'yan wasa damar tsallake matakai da kuɗi. A nan ma na ji ana cinikin jarumin da wani ya riga ya gina, yaro ya sayar da akuyar da uwarsa ta ba shi kiwo ya saya. Ba na ma son in taɓo cacar ƙwallo da ta shigo ta wannan wayar, ko masu kwana a wasa har sallar Asuba ta wuce su. Ba banza ba Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da sanya jarabar wasannin nan a jerin cututtuka.

Ni ban ce wasa haramun ne ba, wannan aikin malamai ne, kuma mu ma mun yi langa da dara. Magana ta a kan gudun koyo take. Baffan yaron nan ɗan gidan maƙera ya yi shekara da shekaru yana zuga kafin mahaifinsa ya yarda ya riƙe masaba, ya fara da lauje da 'yar fartanya kafin ya kai ga garma, kuma bai taɓa ganin hakan a matsayin wulaƙanci ba. A tsangaya ma yaro kolo ne, ya zama titibiri, ya zama gardi, kuma babu wanda ake kira alaramma ko gwani sai ya sha wuyar allo da tawada. Sarkin Maƙera da Sarkin Aska da Sarkin Fawa ba da kuɗi suka tsallako ba. A da, ranar da aka yaye yaro daga hannun ubangidansa, gari ne ke taruwa a yi addu'a a sa masa albarka, kuma abin kunya ne a ce ɗan wane ya gudu daga wurin koyo, har neman aure sai ya yi masa wuya.

Ku ji tsoron Allah ku koma wurin iyayen gidanku ku ba su haƙuri, mu kuma manya mu daina kawar da kai, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yanzu uba ne zai sayar da buhun riɗi ya saya wa ɗansa babbar waya, ya ga ya bar sana'a, ya kasa ce masa uffan don kada a ce ya takura masa. Telolinmu da masu walda suna ta cigiyar yaran da za su zauna su koya, wasu har sun fara ɗauko yara daga wasu garuruwa, alhali namu suna zaune a bakin tasha.