Ubangijin Shi'ira

Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan'uwa.

Akwai wata aya a Suratun Najmi da na daɗe ina wucewa ta kanta ba tare da na tsaya ba. Allah Maɗaukakin Sarki yana lissafa abubuwan da suke hannunsa, shi ne ya sa dariya ya sa kuka, ya kashe ya raya, sai ya ce: "Wa annahu huwa Rabbush Shi'ira", wato lalle shi ne Ubangijin Shi'ira. Shi'ira tauraro ne, Turawa suna kiransa Siriyus, kuma babu tauraron da ya kai shi haske da dare. Zara ta fi shi ƙyalli a ido, amma ita duniya ce, hasken rana take ara. Malaman tafsiri sun ce wasu Larabawan jahiliyya sun bauta masa, shi ya sa aka kama sunansa. Ranar da na san nisan da ke tsakaninmu da shi, karatun ayar nan ya sauya a bakina.

Masana falaki suna cewa Shi'ira yana nisan shekarar haske 8.6 daga gare mu. Kada sunan ya ruɗe ka, ɗan'uwa. Shekarar haske awon nisa ce, kamar yadda malaman fiƙihu suke cewa tafiyar kwana biyu idan suna maganar sallar ƙasaru, suna nufin tsawon hanyar da matafiyi zai ci a kwana biyun. A nan haske ne matafiyin, kuma ba a san wani abu da ya fi shi sauri ba. Yana cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ka gama faɗin Subhanallah ya kewaye duniya fiye da sau bakwai. Daga wata zuwa nan, daƙiƙa ɗaya da 'yan kai. Daga rana, mai nisan kilomita miliyan 150, minti takwas da daƙiƙa ashirin, alhali jirgin sama mai gudun kilomita 900 a awa sai ya yi shekara 19 a hanya bai sauka ba. To a bar hasken nan ya yi ta gudu, dare da rana, har shekara ta zagayo. Abin da ya ci, kusan kilomita tiriliyan 9.46, shi ake kira shekarar haske ɗaya.

Ka ga ke nan idan ka ɗaga kai ka kalli Shi'ira, hasken da ya shigo idonka ya baro gida fiye da shekara takwas da suka wuce. Jaririn da aka haifa a daren da ya taso yanzu yana zuwa makaranta da ƙafarsa. Ni da na yi wannan lissafin, mutanen gidanmu na fara ƙirgawa, waɗanda suke raye lokacin da hasken ya kamo hanya, kafin ya iso mun raka su makwancinsu. Allah ya jiƙansu da rahama.

Wani zai ce, wa ya je can da igiyar awo? Tambaya ce mai kyau, kuma amsar tana hannunka. Miƙe hannu, ɗaga babban yatsa, rufe idon hagu ka dube shi da na dama, sannan ka sauya. Za ka ga yatsan ya goce daga inda yake a jikin bango. Matso da shi kusa da hanci, gocewar ta ƙaru. Nesanta shi, ta ragu. Haka suke yi wa tauraro. Su auna inda yake yau, su jira wata shida duniya ta koma ɗaya gefen rana, su sake aunawa, kamar mai idanu biyu da ratar kilomita miliyan 300 a tsakaninsu. Daga ɗan gocewar da tauraron ya yi suke fitar da nisansa. Wani Bajamushe, Firedirik Besel, ya yi wannan awo ya dace a 1838. Wa ya dasa wannan ma'auni a fuskar kowane ɗan Adam, ya kuma ba shi hankalin da zai kai shi sama?

Kuma Shi'ira maƙwabci ne. Tauraro mafi kusa da mu bayan rana yana nisan shekarar haske 4.2. Kaza da 'ya'yanta sun haura 400. Faɗin gungun taurarin da muke ciki ya kai kimanin 100,000, gungun Andiromeda kuma yana can miliyan 2.5. Allah ya yi rantsuwa da wuraren taurari a Suratul Waƙi'a, ya ce rantsuwa ce mai girma da kun sani. Ba zan ce ayar tana maganar kilomita ba, tafsiri aikin malamai ne. Abin da na sani, duk ƙarin sanin da aka samu, nauyin rantsuwar ƙaruwa yake a zuciya.

To ina girman kan yake, bawan Allah? Kai da ba ka amsa sallamar wanda ka fi abin hannu, ke da kika ƙaurace wa 'yar'uwarki shekara uku kan magana ɗaya, a wane lungu na wannan sarari muke tsaye muke hura hanci?

Sai dai akwai abin da ya fi tsoratar da ni, wato kada mutum ya ga wannan faɗi ya ɗauka ya ɓace a ciki, babu mai jin sa. Dubi kumbon Boyeja na ɗaya da Amurka ta harba a 1977. Yana cin kusan kilomita 17 a daƙiƙa, babu abin da hannun mutum ya ƙera da ya kai shi nisa, amma da tauraro mafi kusa ya nufa sai ya haura shekara 70,000 kafin ya isa. Saƙon da ake aika masa da saurin haske yake tafiya, duk da haka sai ya kusa kwana ɗaya cur a hanya, amsa ma haka. Wannan ita ce iyakarmu. Ubangijin Shi'ira kuwa ya ce a Suratul Baƙara: "Idan bayina suka tambaye ka game da ni, to ni makusanci ne, ina amsa kiran mai kira idan ya kira ni." A Suratu Ƙaf ya ce ya fi jijiyar wuya kusa da mutum. Marar lafiyar da ya kasa ɗaga murya, leɓe kawai yake motsawa a tsakar dare, an ji shi kafin ya rufe baki. Amma mu ne muke sallame salla mu zabura, hannu ya riga kai wa ga waya kafin a ce astagfirullah sau uku.

Daga Disamba zuwa Afrilu ana ganin Shi'ira sarai bayan isha. Ka ajiye wayar nan a ɗaki, ka fita inda fitilu ba su da yawa, ka nemi taurari uku da suka jeru a layi ɗaya. Bi layinsu da ido har ka ci karo da wani fari fat mai walƙiya, shi ne. Ka kira yaranka ka nuna musu, ka gaya musu shekarun da haskensa ya yi a hanya, sannan ka karanta musu ayar.