Ku Ƙyale Cikin Yarinyar Nan, Ba Ta Gama Girma Ba

Wato har an kai lokacin da za a tsayar da 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare gaban kyamara, ana ɗaure mata bel ɗin matse ciki, ana ce mata ta ja numfashi, ta ƙara ja, don ƙugiya ta uku ta shiga. Uwa na gefe tana murmushi, mai sayarwa na rantsuwa cewa sati biyu kacal za a ga canji. Kun dai ga bidiyon, kuma don Allah masu ci gaba da tura shi ku daina, fuskar 'yar mutane kuke yaɗawa. Sharhin da ke ƙasansa ma ya fi shi ɓata rai. Wai uwa tagari. Wai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sannunku da aiki, gwanayen tanƙwara icce. Wannan karin maganar a kan tarbiyya aka yi ta, babu wanda ya ce haƙarƙarin yara za a lanƙwasa.

Yarinyar nan ba ta gama girma ba. Balagar 'ya mace tana farawa ne tsakanin shekara 8 da 13, kuma sau da yawa kitse ke riga tsawo isowa. Yakan ɗan zauna a ciki, daga baya sinadarin mata ya raba shi zuwa ƙugu da cinya da ƙirji. A shekarar da tsawo ya fi gudu, wajen 11 zuwa 12, yarinya na iya ƙara santimita 8 cikin wata 12. Kusan rabin nauyin da za ta rayu da shi idan ta zama babbar mace a shekarun balaga take tara shi, haka nan babban kaso na ƙwarin ƙashinta. Ɗan tumbin da gwaggo ke nunawa da baki kayan gini ne aka sauke a ƙofar gida, yashi da bulo. Wa ya taɓa ganin an kwashe yashi ana tsakiyar gini wai don ya ɓata ƙofar gida?

Shi bel ɗin kuma babu kitsen da yake narkarwa. Matse hanji da tumbi yake yi ya tura su sama, ya hana naman da ke ƙarƙashin huhu sauka, numfashi ya zama rabi-rabi, ruwan ciki ya riƙa dawowa maƙoshi da ƙwannafi. Naman ciki da na baya da ya kamata su koyi riƙe jiki da kansu sai su saki, tunda an samo masu ɗan aiki. A zafin watan Afrilu kuwa, roba a kan fata awa 8 a cikin aji, ƙuraje da ƙaiƙayi ne ladan. Zufar da ake nuna maku a bidiyo ruwa ce, kofi biyu za ta sha ta dawo. Ana cire bel, ciki ya koma inda Allah ya ajiye shi. Shayin rage tumbi kuma, ku juya kwalin ku karanta, da yawansu filasko ne a ciki, wato maganin gudawa da kakanninmu suka sani aka sa masa kwali mai ƙyalli da farashin dubbai. Abin da yake fitarwa ruwa ne da gishirin jiki, musamman fotasiyam, wanda bugun zuciya ya dogara da shi. Idan aka daɗe ana sha, hanji kan saba, bayan gida ya ƙi fita sai da shi. An sha kama irin waɗannan kayan rage ƙiba a ƙasashe daban-daban da sibutiramin a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Wannan ne ake dafa wa 'yar shekara 13 kafin ta tafi makaranta.

Kuma abin dariya, ko na ce abin kuka, ba siranta kawai ake nema ba. Ƙirar kalangu ake so: ciki a shafe, ƙugu a buɗe. Saboda haka yarinyar da aka ɗaura wa bel da safe ita ce ake haɗa wa sha-ka-fashe da daddare. Ku tsaya a nan, don a nan ɓarnar ta fi yawa.

Haɗin nan galibi abu biyu ne. Na farko maganin mura da ƙaiƙayi ne mai buɗe ciki, irin wanda ke cikin Apetamin, yana sa barci da jiri, kuma an samu waɗanda ya taɓa wa hanta. Na biyun shi ne deksametason, wanda 'yan kemis ke kira deksa. Ƙwaya ce 'yar mitsitsiya, miligiram 0.5, ga arha, amma ƙarfinta ya ninka sinadarin kotisol na jiki wajen sau 25. Ƙwaya 2 sun haura abin da jikin babban mutum ke samarwa a yini guda. Cikin 'yan makonni fuska za ta yi zagaye, kumatu su ciko, 'yan biki su ce jiki ya yi kyau, hutu ya karɓe ta. To ku ji inda deksa ke kai kitse: fuska, ƙeya, da ciki. Ciki fa! Naman cinya da na mazaunai kuwa cinye shi yake yi, ƙafafu su sirance. Wato abin da aka sha don ƙugu ya buɗe shi ne ke ƙara tumbi yana rage mazaunai, sai a sake komawa wurin mai bel. Garin neman ƙiba an samo rama, an kuma biya kuɗi sau biyu. Bayan haka akwai nankarwa masu faɗi jajaye a ciki da cinya, hawan jini, hawan suga, yanar ido, raunin garkuwar jiki har tarin fuka da ke kwance ya farka, da mutuwar kan ƙashin cinya, wadda ke sa budurwa ɗingishi. Ga yarinyar da ba ta gama girma ba akwai ƙari: yana danne tsawo, kuma idan mahaɗar ƙashi ta rufe, tsawon da aka rasa ya tafi ke nan.

Wata uwar za ta karanta wannan ta je ta kwashe ƙwayoyin ta zuba a masai. Kada ki yi haka. Idan yarinya ta wuce sati 3 tana shan deksa, 'yan ƙulluttan da ke saman ƙoda masu samar da kotisol sun yi barci, yanke shi rana ɗaya na iya jawo amai, kasala, faɗuwar jini, suma, har rasa rai. A hankali ake rage shi, likita ne ke tsara yadda za a yi. Ki ɗauki kwalin ko ledar maganin ki tafi da ita asibiti, ki faɗi gaskiyar yaushe aka fara da ƙwaya nawa a rana.

Na san masu cewa ai ƙiba cuta ce, gara a tare ta da wuri. Na ji. Tef ɗin tela ya ishe ku. A auna kewayen ciki a tsakanin haƙarƙari na ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, bayan ta saki numfashi, ba tare da an ja tef ɗin ba. Idan awon bai kai rabin tsawonta ba, ku kama bakinku. Mai tsawon santimita 150, ƙasa da 75 lafiya lau ne. Sau ɗaya za a auna, a ɗaka, ba a gaban ƙanne da 'yan aiki ba. Lissafin nauyi da tsawo na manya ma ba a ɗora wa yara shi, Hukumar Lafiya ta Duniya tana da jadawali daban na 'yan shekara 5 zuwa 19 tun 2007, ma'aikacin lafiya ne ke duba shi. Idan kuma da gaske nauyin ya wuce, gidan ne za a gyara gaba ɗaya. Robar lemon kwalba mai santilita 50 tana ɗauke da suga wajen giram 50, cokalin shayi 12 da ɗoriya, abin da ya kai iyakar yini guda. A rage shi ga kowa, har da Alhaji. A bar yarinya ta motsa jiki minti 60 a rana, ta yi barci awa 8 zuwa 10, wayar ta kwana a ɗakin uwa. Ba a hana mai girma abinci. Tana buƙatar wake, ƙwai, nono, zogale, hanta, musamman da yake ta fara al'ada tana zubar da jini duk wata. Kuma kafin a kira abu tumbi a tuna da tsutsar ciki, wadda ƙwayar albendazol miligiram 400 ke maganinta, da taurin bayan gida, da kumburin gab da al'ada. Cikin da ya yi tauri, ko yake ciwo, ko yake girma alhali sauran jiki na ramewa, hoton asibiti yake buƙata.

Masu cewa ƙin cin abinci cutar Turawa ce, ba ta kama 'ya'yanmu, su ma na ji su. Mutanen tsibirin Fiji kamar mu suke, mace mai jiki ce kyakkyawa a wurinsu. Talabijin ta isa wani yankinsu a 1995. Wata likitar jami'ar Harvard, Anne Becker, ta bincika 'yan matan makaranta a lokacin, ba ta samu ko ɗaya mai jawo amai don rage nauyi ba. A 1998 kashi 11 cikin 100 suna yi. Talabijin ke nan fa, wadda ake kashewa a kwanta. Ina ga wayar da ke ƙarƙashin matashin kai?

Amma kada mu ɗora wa TikTok komai. Kafin ta san TikTok ta san bakin gida. Lukuta, buhun gero, wa zai aure ki da wannan tulun cikin. Siririya kuma sillan kara, ƙashi da rai, kamar ba a ba ki abinci. Anti ta faɗa a wurin suna, kowa ya yi dariya, an wuce wurin. Ita yarinyar ba ta wuce ba.

Yanzu gatse a gefe, iyaye mata ku saurare ni don Allah. Idan 'yarki ta fara yawan cewa ta ƙoshi, tana ɗaukar abinci ta kai ɗaki ba ta ci tare da kowa, tana shiga banɗaki da zarar ta gama ci, tana jin sanyi ana zafi, jiri na ɗibar ta, gashi na zuba, ko al'adarta ta ɗauke wata 3, wannan rashin lafiya ce, kuma tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa. Wata ma da azumin nafila take fakewa, ba sahur, buɗa-baki da ruwan shayi, ke kuma kina murna ta zama ustaziya. Faɗa ba ya gyara wannan. Ki zauna da ita ku biyu, ki ce mata kin lura ba ta cin abinci kuma hankalinki ya tashi, kada ki ambaci ƙiba ko rama ko kyau. Sai ki kai ta wurin likitan yara. Yara maza ma suna ciki, su nasu ƙirji ne da garin ƙara tsoka, ba wanda ke kula da su.

Teloli kuma, ku ma da sauran magana. Wane ne ya ce atamfar 'yar shekara 12 sai an sa mata koset da ƙarafa? Ana auna yarinya ana rage inci biyu a ciki wai don ɗinki ya zauna, ranar Sallah ta kasa cin tuwo, ta kasa ruku'u, bayan wata uku riga ta ƙi shiga ta ɗauka ita ce ta yi ƙiba. Telolin zamanin da suna barin inci ɗaya da rabi a kowane gefe, su naɗe ƙasan zane ninki biyu, a farke a saki idan yaro ya ƙara tsawo, riga ɗaya ta yi Sallah uku. Yanzu atamfa ta yi tsadar da ta yi, kuna yanke ragowar yadin kuna zubarwa, kuma duk da haka ba kwa gama ɗinki sai daren Sallah.