Yara ma suna son labarin da zai sa gabansu ya faɗi

Jama'a, masu cewa yaran yanzu ba sa sauraron labari sai da hoto a gabansu, ku nemi wani shirin sauti na intanet da aka fara saki a Amurka a 2016, The Unexplainable Disappearance of Mars Patel. Babu hoto ko ɗaya, murya ce kawai da ƙarar takun sawu da kiɗa.

A labarin, Mars yaro ne ɗan shekara 11. Abokansa na makaranta suka riƙa ɓacewa, manya suka yi kunnen uwar shegu da maganarsa, sai shi da sauran abokansa suka ɗaura ɗamarar bin sawu da kansu. Sawun ya kai su ga Oliver Pruitt, wani hamshaƙin attajirin fasaha mai makarantar da ba kowa ake ɗauka ba. Don yara 'yan shekara 8 zuwa 12 aka yi shi, amma a 2017 sai ga shi ya karɓi lambar yabo ta Peabody, wadda manyan shirye-shiryen rediyo da talabijin na Amurka ke takara a kanta. Ya yi zango uku, a 2020 kuma aka mayar da shi littafi.

Abin da ya fi taɓa ni, yara ne na gaske suka yi muryoyin yaran. Ba a ɗauko wani ƙato aka ce ya siranta murya ba. Kuma marubutan ba su ji tsoron tsorata yaro ba: akwai ruɗani, akwai babban da ke yi wa yaro ƙarya, kuma sau da yawa kashin shirin yana ƙarewa ne daidai inda hankali ya tashi. A ganina wannan ne ya riƙe masu sauraro.

Mu fa mun san haka tun tuni. Kaka ba ta cire Dodo daga tatsuniya don kada jika ya firgita, kuma Gizo maƙaryaci ne, shi ya sa ake ƙaunarsa. To me ya sa yawancin abin da muke shirya wa yara a rediyo ya koma nasiha zalla? Wanke hannu, gai da manya, shi ke nan. Nasiha tana da wurinta, wallahi ban raina ta ba, amma yaro ba ya ƙosawa gobe ta yi don ya ji ci gaban nasiha.

Masu gidajen rediyo a Kano da Damagaram, ku samo marubuci mai hannu da yara biyar masu bakin magana, ku ba su labarin ɓatan wani abokinsu a ranar kasuwa, minti goma kowane kashi, mu ji.