A Kan Bidiyon Tsohuwar Da Ke Durƙushe A Majami'a

Wanda ya ɗauki bidiyon tsohuwar nan 'yar Katolika tana durƙushe gaban siffar Budurwa Maryamu, ya watsa shi a Facebook da WhatsApp yana cewa ga masu bautar gunki, ya zalunce ta, kuma duk wanda ya tura shi gaba yana da kasonsa a wannan zalunci. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne Kirista ne ya aikata haka, ɗan wata ɗarika da muke haɗuwa da ita a wurin biki da jana'iza a nan Maraɗi. Bai tambaye ta ba. Da ya jira ta gama, ya ce, "Inna, me kike yi a nan?", da ta gaya masa cewa Allah take roƙo, kuma ta san siffar da ke gabanta aikin hannun mutum ce tun kafin a haife shi.

An yi ta liƙa mini Littafin Fitowa sura 20, inda aka hana ƙera gunki da yi masa sujada, kamar mu Katolika ba mu taɓa jin ta ba. Mun san ta, muna koya wa 'ya'yanmu ita. Amma a daure a ƙara gaba zuwa sura 25, inda Allah da kansa ya umarci Musa ya ƙera kerubobi biyu na zinariya, wato siffofin mala'iku masu fikafikai, a kan murfin akwatin alkawari. A Littafin Ƙidaya sura 21 ya sa a yi macijin tagulla a ɗaga shi, wanda maciji ya sara ya dube shi ya rayu. Sai da mutane suka fara ƙona wa macijin nan turare, sannan sarki Hezekiya ya farfasa shi, kamar yadda 2 Sarakuna sura 18 ta faɗa. Ke nan abin da aka hana shi ne mayar da siffa Allah, kuma ba a gane wannan ta kallon gwiwar mutum a bidiyo, tunda a garin nan muna durƙusa wa iyayenmu da surukanmu kullum ba wanda ya ce mun yi musu sujada.

Wannan gardama ta tsufa ƙwarai. Wajen shekara ta 600, wani bishof mai suna Serenus a birnin Marsey, a Faransa ta yau, ya farfasa hotunan majami'arsa, sai Fafaroma Giregori Babba ya rubuta masa yana yaba kishinsa na hana sujada ga hoto, yana kuma tsawata masa a kan fasawar, domin abin da rubutu yake yi wa mai karatu, shi hoto yake yi wa wanda bai iya karatu ba. Bayan haka Yohanna na Dimashƙu, wanda ya rayu a ƙarƙashin mulkin halifofin Umayyawa, ya bayyana cewa a dā ba a iya zana Allah da ba a gani, amma tun da Kalma, wato Yesu Almasihu, ya zama mutum, aka gan shi, aka taɓa shi, to ana iya zana fuskarsa. Majalisar Nikiya ta biyu, babban taron bishofofin Ekklesiya, ta yanke hukunci a 787: sujada ta Allah ce shi kaɗai, girmamawar da ake yi wa hoto kuwa tana wucewa zuwa ga wanda aka zana. Mai bidiyo ba dole ne ya yarda da wannan ba, amma ba shi da ikon ɗora wa tsohuwa imanin da Ekklesiyarta ta ƙi tun fiye da shekara dubu.

Wanda yake son sanin abin da muke yi da hotunan nan, ya zo ranar Juma'a a lokacin azuminmu na kafin Ista, da zafin nan na watan Maris, ya bi Hanyar Gicciye tare da mu. Matsayi 14 ne, kowanne da hotonsa a jikin bango. Ana tsayawa, a karanta abin da ya faru, a yi shiru, ido yana kan hoton, zuciya tana bimbini. A matsayi na 4 Yesu yana ɗauke da gicciye ya haɗu da mahaifiyarsa, a na 13 an sauko da gawarsa an sa mata a hannu. Mata nawa ne a cikinmu suka rungumi gawar ɗansu bayan zazzaɓin cizon sauro na damina? Idan irin wannan mata ta tsaya gaban hoto na 13, ba ta buƙatar mai wa'azi ya fassara mata komai, domin ta san nauyin da ke hannun Maryamu, kuma daga nan addu'arta take tashi zuwa ga Allah da kalmomin da ba wanda ya koya mata. Gani ya kori ji. Hankalin mutum yana yawo lokacin addu'a, ya tafi kasuwa, ya tafi bashi, ya tafi gona, sai hoton ya dawo da shi wurin da ya kamata ya tsaya.

Za a ce ai akwai masu wuce iyaka, masu shafa siffa kamar laya. Akwai su, kuma Majalisar Tirento, wani babban taron bishofofin Katolika, ta faɗa tun 1563 cewa babu wani allahntaka ko iko a cikin hoto da zai sa a dogara gare shi. Gyaran wannan aikin limamai da malaman katikizim ne, a cikin gida, da haƙuri. Bai zama hujjar tozarta tsohuwa a idon duniya ba.

Kuma a tuna inda muke zaune. A watan Janairu na 2015 an ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, a watan Yuni na 2019 aka cinna wa wata majami'a wuta a nan Maraɗi, wadda ma ba ta Katolika ba ce. Maƙwabtanmu Musulmi suna da aƙidarsu game da hotuna, kuma da yawansu in suna son sani tambaya suke yi cikin mutunci. Kirista da ke liƙa wa ɗan'uwansa sunan mai bautar gunki a intanet yana hura wutar da ba za ta tambayi ɗarikarsa ba.

Akwai dai abin da nake so mu Katolika mu duba. Babbar majami'armu tana ɗauke da sunan Uwargidanmu ta Lurd, wurin da Maryamu ta bayyana ga Barnadet a Faransa a 1858, kuma ina ƙaunar wannan suna. Amma an kafa diyosis ta Maraɗi, wato yankin da ke da bishof nasa, tun 2001, har yanzu yawancin hotunan da muke rataye wa a gidajenmu bugun waje ne, masu fuskokin Turawa, rana ta kodar da su. Sufayen Keur Moussa a Senegal sun ƙawata majami'arsu da zane irin na Afirka, mutanen Mafa a arewacin Kamaru ma an zana musu rayuwar Yesu da fuskokinsu da ƙauyukansu. Muna da dukawa, da masu zanen ƙwarya, da masu ɗinkin aska a wuyan riga. Ina roƙon kwamitocin majami'unmu su zauna da limamai, a nemi waɗannan masu sana'a, a biya su kuɗin aikinsu yadda ya dace, su yi mana Hanyar Gicciye a kan fata ko ƙwarya, a fara da ƙananan majami'un ƙauye inda masu karatu suka fi ƙaranci.