Sai Babba Ya Yi Atishawa Ake Buga Labari

Jiya na kai kaina ofishin wata jarida, ɗauke da sunayen masu ciwon ƙoda da aka sallama gida saboda injin wankin ƙoda na asibitin gwamnati ya lalace. Ƙanena yana cikinsu. Aka nuna min benci, na zauna har inuwa ta juya kafin editan ya ga damar ganina.

Na gaishe shi, na ce, "Ranka ya daɗe, magana ce ta rayukan mutane."

Ko ɗagowa bai yi ba, yana ta danne-dannen waya. Can ya ce, "Wa ya mutu?"

Na ce, "An rasa wasu."

"Wasu su wa? Akwai babba a ciki? Ɗan majalisa, ko basarake?"

Na ce talakawa ne. Sai a nan ya dube ni, daga hula har takalmi, ya sa ɗan yatsa ɗaya ya turo min takardar kamar ita ce ke ɗauke da cutar. Ya ce, "Malam, wannan ƙaddara ce, ba labari ba ne. Kwamishinan lafiya zai buɗe sabon gini mako mai zuwa, ma'aikatarsa ta sayi shafi biyu a wurinmu. So kake ka ja min?" Har na kai bakin ƙofa ya ƙara da cewa, in lallai sai ta fito, akwai shafin talla.

Madalla da wannan ƙwarewa! Ashe ciwo ma sai mai muƙami ya yi shi yake zama ciwo. Gwamna ya yi atishawa, shafin farko, da hoto mai launi da addu'o'in 'yan kwangila. Amai da gudawa ya kwashe yara, layi uku a ƙasan labarin ƙwallo.

Abin takaicin, ko ciwon manyan ba sa bin diddiginsa. Marigayi 'Yar'aduwa ya tafi Jidda a Nuwamban 2009, ƙasa ta shafe watanni ana jita-jita. Buhari ya kwashe sama da kwana 100 a jere a Landan a 2017, aka cika mu da hotunan masu zuwa dubiya. Editoci nawa ne suka nace sai an faɗa musu dalilin da asibitin fadar shugaban ƙasa ya gaza duba mai fadar?

A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, suka tona kafin aka farga. Mashaƙo ya dawo a 2023, cutar da allurar rigakafinta ta girmi iyayenmu. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja cewa kashi 15 cikin 100 na kasafi zai tafi kiwon lafiya, Najeriya mai masaukin baƙi ba ta taɓa cikawa ba. Wannan ai kanun kullum ne, da da mai bugawa.

Gwamnati ta gane lagon: ta bar ɗan jarida da yunwa, ta riƙe talla, ta miƙa ambulan ɗin kuɗi bayan taron manema labarai. Mu kuma masu karatu mun fi kowa laifi. A sa labarin asibiti babu jini, babu iskar numfashi, mu wuce. A ce sanata ya sauya sheƙa, mu kwana muna zage-zage a Facebook, wasu ma daga kan tabarmar jinya a barandar asibiti suke rubutawa.