Ba sabawa muka yi da zafi ba, ƙirga mu ne ba a yi

Akwai maganar da Turawa ke yawan yi mana a nan Ingila da zarar rana ta ɗan buɗe: "Ku ai kun saba." Da murmushi suke faɗa, ni ma nakan mayar da murmushi in wuce. Amma da wata abokiyar aikina a asibitin da nake aikin nas ta faɗa mini ita a zafin da ya wuce, bayan na kwana tsaye a kan wata tsohuwa da zafin ya kusa kashewa, sai na kasa mayar mata da komai. Har yau maganar tana cina.

Sai na bayyana muku yadda zafin ƙasar nan yake, don wanda ke Sakkwato zai ji digiri 33 ya ce wannan ai sanyi ne. Gidajensu an gina su ne don su riƙe ɗumi. Bango mai kauri, kafet har kan matakala, taga gilashi biyu a haɗe, wata ma ba ta buɗuwa sai kaɗan. Babu fanka a silin, babu tsakar gida, babu zauren da za a shimfiɗa tabarma a sha iska. Rana kuma ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, duk abin da bango ya sha da rana shi zai yi ta amayar maka har asuba. A ranar 19 ga Yuli 2022 zafi ya kai digiri 40.3 a wani gari mai suna Coningsby, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin ƙasar. Jiragen ƙasa suka rage gudu don kada ƙarfen dogo ya lanƙwashe, kwana ɗaya kafin nan ma an dakatar da tashin jirage a filin jirgin Luton saboda titin ya lalace. Yanzu gwamnati takan fitar da gargaɗi kala-kala, rawaya, ruwan goro, ja, kuma kowace kala akwai abin da asibiti zai yi. Tun kafin ranar ta zo an turo mana saƙo, an jera ruwan sha a kowane lungu, an ce a duba duk majinyacin da ke shan maganin sa fitsari.

Tsohuwar nan ta haura tamanin, ita kaɗai take zaune. Zuciyarta ta daɗe da yin rauni, tana kan Lasix, wato maganin sa fitsari, da maganin hawan jini. Ta ci abincin da zafi ya taɓa, amai da gudawa suka kama ta, ita kuwa ta ci gaba da haɗiyar ƙwayoyinta a kan lokaci, don ba wanda ke kusa da zai ce mata ta dakata. Maƙwabciya ce ta ga labule bai motsa ba ta kira motar asibiti. Da aka kawo ta jini ya faɗi ƙasa, ƙoda ta kusa tsayawa, bugun zuciya ya rikice. Ina ɗaga fatar hannunta na ga ta tsaya ba ta koma ba, ido ya zurma, harshe a bushe ƙayau. Tun kafin sakamakon gwaji ya fito na san me ke gabana, domin na yi aiki a ɗakin masu kwalara a gida.

Wahalar irin wannan majinyaci ita ce ƙarin ruwa. Yaro mai gudawa kana iya sakar masa ruwa ya yi ta gudu. Mai ciwon zuciya kuwa, in ka yi sauri ruwan ya taru a huhu ya kama haki, in ka yi jinkiri ƙoda ta mutu. Don haka kaɗan-kaɗan ake ba da shi, a saurari ƙirji, a duba jijiyar wuya, a auna fitsarin da ya sauko cikin roba kowace awa a rubuta. Ba na'ura ke yin wannan ba, mutum ne da idonsa.

To a nan ne abin da nake so ku ji. A sashen kulawa ta musamman na ƙasar nan, ƙa'ida ita ce nas ɗaya ga majinyaci ɗaya idan yana cikin mawuyacin hali, ɗaya ga biyu idan ya ɗan farfaɗo. Daren nan gaba ɗaya ba ni da wani aiki a duniya sai matar nan. Teburina yana gindin gadonta. Allon da ke samanta yana nuna awon jini bugu bayan bugu, ta wani siririn bututu da aka sa a jijiyar hannunta. Famfunan allura suna jere a kan ƙarfe, kowanne da sunan maganinsa a manne. In ina son sanin yawan fotasiyam a jininta, taku kaɗan zan yi zuwa wata na'ura, cikin minti biyu takarda ta fito. Ko banɗaki zan shiga sai na damƙa ta a hannun wata, na faɗa mata inda muka tsaya. Babu wanda aka tura kemis da tsakar dare, babu wanda aka ce ya fara biya. Zuwa asuba fitsari ya fara saukowa, daga baya ta tashi ta koma gida, alhamdu lillahi.

Da safiyar ne, a ɗakin shan shayi, abokiyar aikin nan ta ce da a garinku ne ai wannan ba komai ba ne, kun saba.

Wa ya saba? Hukumar lafiyar Ingila ta ƙirga mutum 2,985 da suka mutu fiye da yadda aka saba a kwanakin zafin 2022. Sun san adadin saboda kowace mutuwa tana da takarda, kowace takarda tana da dalili. Mu kuwa? A farkon Afrilun 2024, ana cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali, kuma asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ce mutum 102 suka mutu a wurinsa cikin kwana huɗu kacal, alhali a shekarar da ta gabata 130 ne a watan gaba ɗaya. Su sun yi ƙoƙari sun faɗa. Zafin nan bai tsaya a Mali ba, kun san yadda muka sha shi. Ni daga nan abin da na riƙa gani a waya shi ne sanarwa bayan sanarwa: Baba wane ya rasu bayan gajeruwar rashin lafiya, Hajiya wance ta rasu, jana'iza bayan la'asar. Nawa ne a cikinsu masu hawan jini da ciwon zuciya da suka kwana a ɗakin kwano ba wuta? Ajali na Allah ne, ban ja ba. Amma neman magani ma umarni ne, kuma ba za ka magance abin da ba ka yarda yana kashe mutane ba.

Cututtukan da yanayi ke kawowa kuwa mu ne malamansu. Sanƙarau na 1996 ya kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya, ya dawo a 2017 ta Zamfara da Sakkwato da Katsina ya ɗauki fiye da 1,000. Kwalarar 2021 ta kashe sama da 3,600. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya shiga Maiduguri har cikin asibitin koyarwa, kafin wata ya zagayo kwalara ta biyo baya. Turawan nan yanzu ne hankalinsu ya fara tashi, don sauron da ke yaɗa zazzaɓin dengi ya kafa gida a kudancin Faransa da Italiya, mutanen da ba su taɓa barin ƙasarsu ba suna kamuwa. Ana tara mu a yi mana bita da hotuna a bango. Nakan zauna a baya ina tunanin Sistar da ta koya mini aiki, wadda daga bakin ƙofa take gane sanƙarau ta yadda yaro ya ajiye wuyansa.

Ban ce nan aljanna ce ba. Da sanyi majinyata kan kwana a kan gado mai taya a baranda, motar asibiti kan yi awoyi a layi, nas-nas ɗinsu ma sun yi yajin aiki a Disambar 2022. Tsohuwar nan ma da a unguwarmu take, da jika ya ga ta kasa tashi sallar asuba. Amma da an kai ta asibiti fa? Inda na yi aiki a gida, dutin dare mu biyu ne a kan ɗaki cike, wasu a ƙasa. Mai jinya ke riƙe ledar ruwa, shi zai fita neman oksijin, shi zai yi fifita idan janareto ya mutu. Wa zai auna fitsari kowace awa? Ilminmu bai gaza nasu ba ko kaɗan, wallahi a wasu abubuwan mun fi su. Hannu ne babu.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan aka ce mun gudu mun bar marasa lafiya, muna wanke tsofaffin Turawa don kuɗi. Magatakardan hukumar rajistar ma'aikatan jinya ya ce mutum 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku. Maganin da aka kawo a Fabrairun 2024 shi ne a ɗaure masu son fita da sharaɗin sai sun yi shekara biyu suna aiki, har nas-nas suka fita zanga-zanga a Abuja da Legas. Wane aikin? Cikin waɗanda muka gama makaranta tare akwai masu sayar da atamfa a waya, akwai masu aikin sa kai a asibitin gwamnati shekara da shekaru suna jiran a ɗauke su, akwai masu karɓar albashin da bai kai buhun shinkafa ba a asibitin kuɗi. Ɗakunan jinya ba kowa, masu takardar jinya na zaune a gida, sannan a ce laifin na wanda ya hau jirgi ne.

Ni ba sanyi na zo sha ba, kuma ba raina gida na yi ba. Daga albashin nan ake sayen maganin hawan jinin Umma, daga nan aka sa mata sola don fanka ta kwana tana juyawa a watan Afrilu, daga nan ƙanwata ke karatun jinya. In ta gama, ina so ta samu ɗakin da za a ba ta majinyata huɗu ko biyar, da wuta, da abin awon jini mai aiki, da albashi a ƙarshen wata. In ba ta samu ba ta ce mini za ta taho, ni zan biya mata kuɗin jarrabawar samun rajistar aiki a nan.